Jirgi Mai Harara

A tsibirin nan na gaɓar Zhejiang, duk jirgin da ba tsoho Weng ne ya sassaƙa masa ido ba, makaho ake kiransa. Shekara arba'in yana wannan sana'a, ga shi da ji da kai: ka ci tuwonsa ya ƙyale ka, amma kada ka kuskura ka taɓa sunansa. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta. Idon jirgin masunta ƙasa yake kallo don ya ga kifi, na fatake ya kalli gaba don ya ga hanya.

Ana haka sai ɗansa tilo, Haisheng, ya yi sabon jirgin kamun kifi. Tun daga ranar nan, Sulan, matar Weng, ta sa mijinta gaba. Teku ta riga ta cinye mata uba da wa. Roƙonta ɗaya ne, ya karkata ƙwayar idon baya kaɗan, wajen tudu, don kada jirgin ya manta gida.

Ya ce, "Haba tsohuwa, kin taɓa ganin jirgi mai harara? So kike in zama abin dariya a kasuwar kifi?"

Ba ta ƙara cewa uffan ba. Shirun nan kuwa shi ya fi cin ransa, don Sulan in tana faɗa to lafiya ƙalau take. Yana sassaƙa a ƙofar gida yana satar kallonta, tana ɗinkin taru, ta ɗinke wuri ɗaya sau biyu ba ta sani ba. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa ma ya kama shi. Da ya gama, shi kaɗai ya je ya kafa idanun, ya rufe su da jan ƙyalle yadda aka saba, bai bar kowa ya leƙa ba.

Ranar saukar da jirgi cikin ruwa duk ƙauye ya hallara, ana kiɗa, ana watso wa jama'a burodi daga saman jirgin. Haisheng ya yaye ƙyallen. Idon hagu na kallon ruwa daidai wa daida. Na dama kuwa ya waiwaya baya, yana hararar tudu.

Sai dariya ta ɓarke. Fang, abokin wasan Weng tun ƙuruciya, ya ce, "Weng, jirgi ka yi wa ido ko ɓarawon kaza?"

Haisheng ya matso, kunya ta rufe shi, ya tambayi uban a hankali ko za a cire a sake. Weng ya san in ya faɗi gaskiya, dariyar kan matarsa za ta koma, a ce tsoron tsohuwa ya lalata jirgi. Sai ya ɗaga hannunsa na dama kowa na gani, yana karkaɗa shi da gangan.

"Ido in an kafa ba a cirewa, ɗana. Hannu ne ya tsufa."

Shi ke nan, ya san daga yau ba mai sake kawo masa aiki, kuma abin ya yi masa ciwo ba kaɗan ba.

A hanyar gida suna hawan matakalar dutse, Sulan na ta mita, wai ya kunyata su a bainar jama'a. Da suka sha kwana, ba mai ganinsu, sai ta kama hannun nan ta riƙe gam. Ko alamar rawa ba ya yi.