Ciyawar Marlene

Marlene ta ja manjagara, matacciyar ciyawa ta taso a dunƙule, wani wari mai tsami ya bugi hancinta. Tsakiyar watan Mayu ne. Kwana tara ke nan da narkewar dusar ƙanƙara, bayan kowane gida a layin ya fara kore, ban da nata. Nata wani faffaɗan tabo ne mai kusurwa huɗu, fari fat da fumfuna, daidai girman filin zamiya a kan ƙanƙara da mijinta Gord yake yi duk shekara.

Shekara ashirin da bakwai ana haka. Da sanyin Nuwamba ya kama, sai Gord ya kafa katakai, ya shimfiɗa leda a kan ciyawarta, ya tsaya da mesa yana zuba ruwa har ya daskare. Wata biyar ciyawa ba ta shan iska. Idan ƙanƙara ta narke, shi ya kwashe katakansa ya tafi kamun kifi, ita ta durƙusa tana gyara ɓarna. Don ɗansu Darcy aka fara, wai zai zama gwanin hoki, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Yaron ya jefar da sandarsa yana ɗan shekara goma sha shida, ranar da uban ya zage shi a gaban abokansa. Bayan shekara uku ya bar garin, bai sake takowa ba. Amma Gord bai fasa zuba ruwa ba. Taurin kai gare shi, ko daskararriyar ƙasar Janairu albarka.

Bana aikin yana da dalili. Darcy ya ce zai zo farkon Yuli da matarsa da 'yarsu Nora mai shekara huɗu, wadda Marlene ba ta taɓa gani ba sai a waya. Abu ɗaya take so: yarinyar ta cire takalmi ta yi gudu a kan ciyawar kakarta. Saura sati bakwai.

"Yau ma jana'iza ake, maƙwabciya?" in ji Bev daga bayan shinge, da kofin kofi a hannunta. "Ki zuba tsakuwa ki huta mana. Gwiwoyin nan naki ba sababbi ba ne."

"Naki ma ai ba jiya aka sayo su ba."

"Da sanyi ya dawo Gord ya sake shaƙe ciyawar, me kika yi ke nan?"

"Ya yi mini alkawari. Na bana ne na ƙarshe."

Bev ta kurɓi kofinta. "Alkawarin Gord," ta ce, ta koma ciki.

Da hantsi Marlene ta tuƙa mota zuwa shagon kayan lambu. Lorne mai shagon ya ga buhun irin da ta ɗauko, ya girgiza kai.

"Maman Darcy, kin yi sauri. Ƙasa ba ta yi ɗumi ba tukuna. Raɓa ta daskare sau ɗaya, tsiron ya tafi. Ki jira sati biyu."

"Ba ni da sati biyu."

"To ki huda ƙasar sosai, nauyin ƙanƙara ya danne ta."

"Ni za ka koya wa? Kana cin majina nake sayen irin nan a hannun babanka."

Ta dawo ta kama aiki. Ta bi filin da ƙarfe mai yatsu, taku ɗaya huda ɗaya, har tafin hannunta ya yi kanta. Ta turo baro shida na baƙar ƙasa, ta baje, ta watsa taki. Ba ta ci abincin rana ba. Ta gaji, tana kuma jin haushi, amma akwai daɗi a cikin gajiyar, don wannan karon ta san ƙafar da za ta taka wurin. Wajen ƙarfe huɗu ta shuka rabin filin, sai waya ta yi ƙara a aljihunta.

"Mama, kina lafiya? Na ji kina haki."

"Aiki nake, Darcy. Yaya Nora?"

"Lafiya lau. Mama, Baba ya kira ni jiya. Mun yi fiye da awa ɗaya muna magana. Ya ba ni haƙuri. Da bakinsa."

Marlene ta zauna a gefen baro. Shekara da shekaru tana roƙon wannan ranar, ta kuwa yi murna har idonta ya kawo ruwa.

"Shi ya sa muka canza shawara," in ji Darcy. "Hutu ɗaya nake da shi. Maimakon Yuli, za mu zo Disamba. Ya turo mini hoton filin na bana, Nora ta gani, ta hana mu sakat. Ya ce zai ƙara masa faɗi, har bakin shinge."

"Yuli muka yi da kai."

"Na sani. Amma ina so ta ga gidan yadda na san shi. Idan na tuna gida, ƙanƙarar nan nake gani, da Baba riƙe da mesa. Lokacin zafi ma me ke wurin? Na manta wallahi."

"Ciyawa," ta ce.

"Af, haka ne. To a gaida Baba."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Ƙofar baya ta buɗe, Gord ya fito sanye da silifa, fuskarsa a sake irin yadda ta rabu da gani tun Darcy yana ƙarami.

"Ya kira ki? Kin ji?" Ya dubi baƙar ƙasar da ta baje, ya dubi hannayenta. "Haba Marlene, ki daina wahalar da kanki. Ai rufe ta za a yi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki buhun irin ta gindinsa, ta juye sauran a wuri ɗaya, tsibi guda a tsakiyar filin.

"Haka ake shukawa?" ya tambaya.

"Na tsuntsaye ne," ta ce. Ta wuce shi ta shiga gida.