Zumar Kaka Batulu

A shekarun da mahara daga duwatsun Ningi ke hana mutane noma nesa da gari, akwai wata tsohuwa a Sundimina mai suna Batulu. Mijinta ya rasu ya bar mata amya a kan itatuwan ɗorawa na bayan gari, maƙwabta ke ɗebo mata zumar a raba. Saboda haka ɗakinta bai taɓa rabuwa da goran zuma ba, bakinta kuwa ya daɗe da rabuwa da haƙora. Guda biyu suka rage mata a ƙasa, su ma suna rawa. Ita ta ce tsufa ne, kuma ba wanda ya yi mata gardama, don Batulu ba ta da haƙora amma tana da baki.

Ɗanta guda, Ɗan'azumi, yana noma a Maruta, can ƙasar Gwaram. Da 'yarsa Kubra ta isa yaye, aka kawo ta wurin kakarta kamar yadda aka saba. Yarinya ta yi ta kukan nono har Batulu ta samo dabara. Ta jiƙa tsamiya, ta cuɗa da zuma, ta dunƙula ta cusa mata a kumatu. Kuka ya tsaya cak, barci ya ɗauke ta da abin a baki. Da aka zo ɗaukarta sai ta maƙale wa tsohuwa, Batulu kuma ta ce ai ba sauri. Haka aka yi ta ba sauri, damina ta bi damina, har Kubra ta isa tafiya rijiya da ƙaramin tulu. Dunƙulen tsamiya da zuma kuwa bai fasa kwana a kumatunta ba.

Batulu na son yarinyar nan fiye da yadda take iya faɗa. Tana kuma jin tsoro a ranta cewa zumar ce kaɗai ta riƙe ta a ɗakin tsohuwa, alhali ga uwa da ƙanne a Maruta.

Haƙoran Kubra na gaba sun yi ja, sun gutsuttsure. Duk matar da ta yi magana, amsar Batulu ɗaya ce: “Na nono ne, zubewa za su yi.” Suka kuwa zube, tsohuwa ta yi ta yawo da ita gida-gida tana nuna giɓin, wai ga shi ta faɗa.

Wata rana da hantsi Kubra ta kurɓi ruwan randa, ta saki moɗa ta dafe kunci. Kashegari kuncin ya tasa. Aka yi dace Ɗan'azumi ya zo gaishe da mahaifiyarsa, ya ga kuncin, ya ɗora 'yarsa a kan jaki, su uku suka nufi Birnin Kudu wurin Hambali wanzami.

Hambali ya zaunar da yarinya a fuskar rana, ya leƙa bakinta ya daɗe. Batulu ta gaji da jira.

“Tsutsa ce, Malam Hambali. Ka fitar mata da ita mu kama hanya. In ta ƙi, ka cire haƙorin, wani ya fito.”

“Wani ba zai fito ba, Inna,” in ji wanzami. “Wannan na can ciki turmi ne. A ɓoye yake fitowa kafin na gaba su zube, kuma ba shi da magaji. Da shi za ta tauna tuwo har ta kai shekarunki.”

Batulu ta kama haɓa.

“Mutane na cewa tsutsa,” ya ci gaba. “Ni dai ban taɓa ganinta da idona ba. Abin da na gani shi ne, gidajen masu zuma da masu takanɗa sun fi kowa kirana. Me take ci mai zaƙi ko mai tsami?”

“Tsamiya ce 'yar kaɗan. Da zuma.”

“Tana barci da ita?”

Batulu ta dubi ƙasa. Hambali bai matsa mata ba. Ya ce tsami kan kashe haƙori ya cinye farinsa, zaƙi kuma in ya kwana a kai sai ya huda shi. Ramin da ya riga ya samu ba ya cikewa, amma ƙarami ne, ana iya tsayar da shi. Ya ba su kanumfari a danna a wurin, ya ce a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri bayan an ci abinci, a yi asuwakin marke safe da yamma, kada kuma a sake kwana da wani abu mai zaƙi a baki.

A hanyar komawa Ɗan'azumi ya rage tafiya har ya jera da mahaifiyarsa. Ya yi magana a hankali, kansa a sunkuye.

“Inna, in an gama girbi zan dawo. In ramin ya ƙaru, ki yi haƙuri, zan mayar da ita wurin uwarta.”

“Na ji,” in ji Batulu.

Da yamma ta ɗauki goran zuma ta kai wa maƙwabciya, ta ce ko ta zo roƙo da kanta kada a ba ta. Kubra ta nemi dunƙulenta ta rasa, ta yi birgima a tsakar gida, ta ƙi tuwo. Da kuka bai yi ba sai ta ce, “Ni gidanmu zan tafi.” Maganar ta soki Batulu ƙwarai, don abin da take tsoro ke nan tun fari. Har ta kai ƙofar maƙwabciya, ta tsaya, ta juyo hannu wofi.

Da safe ta yanko reshen marke, ta zauna kusa da Kubra mai kumburin fushi, wai za ta nuna mata yadda ake tauna kansa ya yi laushi. Ta sa a dama, dasashi ne. Ta sa a hagu, dasashi ne. Ta gwada da haƙoranta biyu, suka yi rawa har ta runtse ido. Ta ɗauki dutse ta daka, itacen ya tsattsage. Kubra ta manta tana fushi, ta kwashe da dariya.

“Kaka, ke ba ki iya ba. Kawo.”

Ta tauna da gefen da ba ya ciwo, ta miƙa wa tsohuwa, ta yanki wani ta tauna wa kanta. Tun daga ranar, kowace safiya da kowace yamma asuwaki biyu Kubra ke taunawa. Su zauna a bakin ƙofa, ita tana goge sababbin haƙoranta da suka fara leƙowa, Batulu na goge nata biyun da babu abin da zai ƙara musu kyau. Zuma ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Ran Juma'a akan ɗiga kaɗan a kunu, a sha da rana, a kurkure baki. Kubra ta yi mita, ta gaji ta bari.

Da aka shigar da dawa rumbu, Ɗan'azumi ya iso da jakinsa. Ya kira 'yarsa fuskar rana yadda ya ga wanzami ya yi. Na gaba sun fito farare tas. Ramin na nan, bai cike ba, bai kuma ƙaru ba.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Amma uwarta na kewarta, Inna. Tun da babu zumar yanzu, bari mu ji daga bakinta. Kubra, za ki bi ni Maruta?”

Batulu ta sa ido a kan audugar da take kaɗi, hannunta ya ƙi juya mazari. Ba ta da abin da za ta sa a kumatun kowa.

Kubra ta dubi jakin, ta dubi mahaifinta.

“Zan je in gaishe su in dawo, Baba,” ta ce. “In na zauna can, wa zai tauna wa Kaka asuwaki?”