Kwamfutar Arghya

Shekara ashirin da biyu na yi a ofishin kula da ma'aikata na wata masaƙar buhunan rama a Howrah. A can idan ma'aikaci ya mutu, jiniya ake kaɗawa, a tsayar da injuna, ni da shugaban ƙungiyar ƙwadago mu tafi gidan a ƙafa muna zagin juna a hanya. Mu raka gawa bakin kogi, mu tsaya har wutar ƙona gawar ta gama aikinta. Fayil ɗin mamacin kuwa in ɗaure shi da jan zare in jefa a kabad ɗin ƙarfe. Ko bayan shekara talatin jikansa ya zo, zan zaro masa hoton kakansa, sai dai ya tarar gara ta ɗan taɓa gefe.

Masaƙar ta rufe. Wani kamfanin manhaja a Salt Lake ya ɗauke ni, don suna neman mai furfura ɗaya da ya san dokar ƙwadago. Mutum dubu huɗu muke kula da su, ban taɓa ganin ƙafar rabinsu ba. Daga gida suke aiki, kai da kafaɗa kawai nake gani a allo.

Ranar Litinin da safe shugabata Rimjhim, wadda 'yata ta girme ta, ta leƙo da kofin shayi a hannu.

"Tapan-da, wani ɗan sashen gwaji ya rasu ranar Asabar. Arghya Sanyal. Wai zuciya ce. Ka rufe shafinsa, a aika kwali a ɗauko kwamfutar."

"Kwali? Ba wanda zai je?"

"Ba a Howrah muke ba, tsoho. In ƙafarka na ƙaiƙayi ka je, amma ka danna maɓallin rufewar kafin ka fita. Na gaji da ganin jan layi a allona."

Na buɗe shafin. Hoto, lamba, shekara ashirin da tara. Dalilin barin aiki zaɓi biyar ne, mutuwa ce ta ƙarshe. Na zaɓa, na danna. Wani dogon rubutu ya fito yana tambaya ko na tabbata. Ban karanta ba, don ban san sau nawa na amsa wannan tambayar ba. Ban ji komai ba sai yunwa.

Duk da haka na ɗauki kwalin da kaina na hau bas zuwa Behala. Tsohon hali ne kawai.

Mahaifiyarsa ce ta buɗe ƙofa, 'yar gajeriyar tsohuwa cikin farin zane. Ta zaunar da ni ƙarƙashin hotonsa da aka rataya wa furanni, ta kawo shayi da biskit biyu. Kwamfutar na kan tebur, ta lulluɓe ta da tawul don ƙura.

"Kai ne na farko da ya zo daga wurin aikinsa," ta ce. "Ka san shi?"

"Yaron kirki ne, Mashima," na ce, yadda muke kiran sa'ar uwa. Da safiyar nan na fara ganin fuskarsa.

"Shiru-shiru ne. A gidan nan sai ya wuni bai ce min uffan ba. Amma da ya rufe ƙofar can ya shiga taronsu, ka ji surutu, ka ji dariya. Sai in jawo kujera in zauna a bakin ƙofa ina gyaran kifi ina saurare. Ba na gane ko kalma ɗaya." Ta gyara bakin tawul ɗin. "Hotunansa ga su nan birjik, muryarsa ce ba mu da ita. Ya taɓa ce min ana naɗar tarukan. A ba ni ko guda ɗaya, ɗana."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Mashima. Mu a ofishinmu ba ma zubar da kayan mamaci."

Na faɗa da gaba gaɗi, da bakin mutumin Howrah. Na sa kwamfutar a kwali, na taɓa ƙafarta don girmamawa, na fito.

A kan matakala na kira Debu na sashen na'urori na faɗa masa abin da nake so.

"Arghya Sanyal? Tapan-da, ai kai ka rufe shi da safe."

"E, na rufe. Bidiyo ɗaya kawai za ka ciro min."

"Daga ina? Da an danna komai nasa ke gogewa, wasiƙu, bidiyo, har abin da ke cikin kwamfutar. Sirrin abokan ciniki ne a ciki, haka suka gindaya mana."

"Waɗanda suka yi taron da shi fa?"

"Shi ke naɗa, a ma'ajiyarsa suke. Akwai ɗan akwati a ƙasan saƙon da ya fito maka, da ka taɓa shi da an jinkirta kwana talatin. An rubuta ɓaro-ɓaro fa. Ko tabaran ne ya tsufa?"

Na kashe wayar. Na tsaya ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ko haushi ko kunya. Shiru. Kwalin ne kawai ya yi min nauyi a hannu.

Ƙofa ta buɗe a sama. Tsohuwar ta leƙo ta kan ƙarfen matakala.

"Ɗana, ba sai mai tsawo ba. Ko na minti ɗaya ne, wanda yake dariya a ciki."

"To, Mashima," na ce.

Na gyara riƙon kwalin na sauka, don ƙarfe huɗu ake rufe ɗakin ajiyar ofishinmu.