Gyare-gyaren da Yaya Ta Buga

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubuta littafi a kan kiwon zuma, ya rasu bai buga shi ba. Abin da ya bari a tsohuwar kwamfutarsa jerin gyare-gyare ne a layi ɗaya daga hagu zuwa dama, ɗari huɗu da 'yan kai, kowanne yana canza shafi ɗaya ko biyu. Autansa, wanda 'yan gida ke kira Injiniya, shi ya ɗauki nauyin haɗe su su zama littafi guda.

Ya san halin Baba: sabon gyara kullum a farkon jeri yake sa shi, ta hagu. Don haka ya tsara wa kwamfuta ta fara daga ƙarshen jerin, ta dama, tana ɗora gyara kan gyara har ta iso hagu. Duk wanda aka ɗora daga baya shi ke shafe wanda ya riga shi. Littafi ya fito tsaf. Ya kwafe shi, ya goge kwamfutar tas, aka bayar da ita ga wata makaranta.

Bayan wata biyu ya kai wa yayarsa kwafin gwaji. Ta ture kofuna gefen tebur, ta buɗe babi na bakwai, ta daɗe tana dubawa.

"Injiniya, me wannan maganar hayaƙin ke yi a nan? Ai Baba ya janye ta. Ya ce ita ta kashe masa amya uku. Da hannuna na buga gyaran."

"Ke kika buga?"

"To wa zai buga? Kana can kana injiniyancinka. Tun da hannunsa ya fara rawa, shekara uku cur, yana faɗa ina bugawa."

"Yaya, a ina kike sa su?"

"A ƙarshe mana. Ina ake sa sabon abu in ba ƙarshe ba?"

Ya ja kujera ya zauna. A hankali ya yi mata bayani: nata aka fara ɗauka, sannan tsofaffin gyare-gyaren Baba suka bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya.

"To ka sake haɗawa."

"Jerin ya tafi, Yaya. Ni na goge shi."

Duk da haka ya kira makarantar. Aka ce masa kwamfutar ta lalace tun makon farko, an zubar.

Yaya ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa ya so a ce ta yi. Ta ɗauko biro ta fara rubuta abin da ta tuna a gefen shafi. Layi huɗu ta yi, biron ya tsaya.

"Akwai abin da ya faɗa a kan sarauniyar zuma, har ya maimaita sau biyu," ta ce. "Yatsuna ne kawai ke aiki, auta. Ban saurara ba."