Sannu da Hutawa, Baba

Bayan la'asar muna kallon fim ɗin 'yan Cana a wayar 'yata Rawan, a ɗakinmu na unguwar Utaibiyya, a Makka. Wata mata ce da takobi ta tare ƙofar gidansu, maza goma sun kasa wuce ta. Ni da nake haki in na hau bene, har gyara mata tsayuwa nake yi.

Sai aka buga ƙofa. Masu binciken takardu ne, mu kuwa ba mu da igama, takardar izinin zama, shekara ashirin da biyu ke nan. Na yi jarumtar da na saba, na shige bayan labule.

Rawan ta buɗe. A Makka aka haife ta, Larabcinta ba ya da tabo. Ta dafa ƙyaure, ta ce musu babu namiji a gidan, babanta yana Jidda. Ko waccan mai takobin ba ta fi ta tsayuwa ba. Har na ji takalmansu sun juya.

Ashe ɗayansu jikan Hausawa ne. Ya ce da Hausa, a hankali, "Sannu da hutawa, Baba."

"Yawwa, sannu kadai," in ji bakina. Ban taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba.

Mu biyu aka saka a mota, za a tasa ƙeyarmu zuwa garinmu, Sakkwato. Rawan ba ta yi kuka ba. Da muka wuce unguwar Shisha ta kira ni yadda Larabawa ke kiran uba, ta ce, "Yaba, yaya Sakkwato take?"

Na ce akwai zafi kamar nan. Iyakar abin da zan iya yi mata alkawari ke nan.