Jajayen Takalman Kaka

Shekara sittin ana cewa kakar su Malama jinin babban gida ce, wai 'yar mai wani katafaren gidan gona ce da aka ɓoye a ɗakin mai wankin gidan. Hujja biyu ake kawowa: jajayen takalma masu tambarin gidan da ta bari a akwati, da tafiyarta ta ɗai-ɗai kamar ƙasa ba ta isa ta taka ba. Malama ta yi shekara talatin da biyar tana koyar da tarihi, ba ta taɓa yarda ba. Da magada suka ba da gidan a mai da shi gidan tarihi, aka nemi mai tattara takardu, ita ta fara ɗaga hannu.

Yau kwananta tara a ɗakin sama, ƙura har gira, tana rawar jiki kamar yarinyar da aka sake a shagon alawa. Gobe za a buɗe gidan. Sai ga ƙanwarta Auta, mai shekara sittin da takwas, ta hawo bene da irin tafiyar Kaka, takalman a naɗe cikin mayafi.

"Yaya, kin gano mu?"

"Na gano wasiƙa goma sha huɗu a kan ciwon ƙafar doki. Ga jerin baƙin da aka ce kada a sake gayyata, har da likitan gidan."

"Ki bar shiririta. Ki rubuta a katin da za a ajiye kusa da takalman nan cewa tattaɓa-kunnen mai gida ce ta bayar. Na gaya wa surukaina, mota biyu za su cika."

"Ranki ya daɗe, a ɗan matsa, an zauna min a kan taswira."

Da Auta ta tashi, taswirar ta zame, wani littafi mai baƙin bango ya bayyana. Na shugabar ma'aikatan gidan ne, inda take rubuta aikin kowa kullum. Malama ta gyara tabarau, ta bi layi da yatsa, ta tsaya. Ta koma baya shafi uku. Dariya ta kama ta har sai da ta dafa akwati.

"Mene ne? An ambace ta?"

"Saurara. 'Ƙafar 'yar mai wanki daidai take da ta ƙaramar uwar ɗaki. Duk sabon takalmi ita za ta fara sawa, ta yi mako tana zagaya tsakar gida har ya yi laushi.' Ga wani: 'Yarinyar ta yi bororo, tana taka ƙasa da kyar.' Auta, shekara hamsin kina kwaikwayon ciwon ƙafa."

Auta ta zauna a kan wasiƙun doki, ta daɗe tana kallon takalman.

"Da sunanta aka rubuta?"

Malama ta ƙirga, tana lasar yatsa.

"Sau arba'in da ɗaya. Mai gidan sau shida."

Kafaɗar Auta ta fara girgiza don dariya. Ta share ido da bakin mayafi.

"To surukaina fa?"

"A ba su kujerun gaba."

Malama ta jawo katin, ta cire murfin biro, ta rubuta da manyan baƙaƙe:

Takalman 'yar mai wanki. Aikinta ne ta lausasa wa 'yar gidan sababbin takalma. Waɗannan sun ƙi laushi, aka bar mata.