Rijiya Arba'in Kafin Ruwan Farko

Manaja Julius ya kafa allo a ƙofar ofishin kamfanin haƙa rijiyoyi a Kazaure. Bayan babban fari ne, kuɗin mai sun fara shigowa, aiki ya samu. Ya tara ma'aikata ya ce burin kowa ɗaya ne: rijiya arba'in kafin ruwan farko. Ya raba goma-goma ga ƙungiyar Roni da ta Gwiwa da ta Ɓaɓura da ta Kanya Babba. Kowace Asabar za a rubuta abin da kowa ya haƙa. In ɗaya ta gaza, duka sun gaza.

Muhammadu Lawal, helman Gwiwa, wato shugaban ƙungiyar, bai iya karatun allon ba, amma an nuna masa layinsu, can ƙasa. Shi ƙa'idarsa, in ya ɗaure bangon rijiya da siminti, sai ya kwana uku kafin mutum ya sake sauka. Shekara talatin bai taɓa binne ma'aikaci ba.

"Baba Lawal," in ji Hamma, helman Roni, "rijiya kuke haƙa ko ramin ɓera? Ku ne za ku ja mu ƙasa."

Aka yi dariya. Ta yi wa Baba Lawal zafi.

Ƙanensa Sama'ilu, wanda ke sauka cikin rijiya, ya ce, "Yaya, da wannan rana kwana ɗaya ya ishi siminti. Har yaushe za mu zama abin nuni?"

Tsohon ya daɗe yana kallon igiya. Ya ce, "Sauka."

Layinsu ya hau. A rijiya ta takwas, ƙasa mai yashi, ɗaurin ya rufta. Sai la'asar suka tono Sama'ilu.

Bayan sadakar uku Julius ya zo, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma.

"Baba, Allah ya jiƙansa. Ban so haka ba. Sauran sun cika nasu. Saura uku, kuma naka ne. Mutanen Gwiwa ruwa suke jira."

Dela, matar mamacin, ta turo tulu ta ƙofar zaure. Ruwan ja ne, na tafki.

"Zan haƙa musu," in ji tsohon. "Kwana uku-uku."

"To ruwa zai riske mu, Baba. Mutum sittin sun sha wuya a kan allon nan. Kwana biyu fa?"

"A'a. Ba zan yi ba."